Karyar da Na Hana Amsa Kira

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe wuta ta tsallake kwazazzabon. Na san lokacin domin agogon aiki yana hannuna, ina shirin rubutawa a raina cewa ƙunar dajin da muke yi tana tafiya daidai. Ranar Talata ce a ƙarshen kaka, cikin gandun dajin Birnin Gwari, ta wajen Kakangi. A gefen yamma, inda muke ƙonawa, akwai ni, da leburori huɗu, da wani dattijon Bafulatani da ya zo ganin inda sabuwar ciyawa za ta fito wa shanunsa. A gefen gabas, inda ba a yi nufin wuta ta taɓa ba, akwai helma, wato shugaban leburorinmu, da mutum biyu riƙe da ɗanyun rassa. Can arewa da su, a gindin wata kaɗanya, akwai karyar gidana. Tana kwance kusa da kayanmu, inda na kwantar da ita tun ƙarfe bakwai.

Abin da ya biyo baya ba zai fahimtu ba sai na koma baya na faɗi yadda na same ta, da yadda na hore ta, da yadda muke ƙuna. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

A lokacin ina aikin tsaron gandun daji, zamanin Turawa, ina zaune a garin da yanzu ake kira Tsohon Birnin Gwari. Karatuna aji huɗu ne na elementare, ya ishe ni cika littafin aiki da duba agogo. Wannan dattijon Bafulatani, wanda nake kira Baffa, shi ya ba ni ita tana kwikwiya, bayan kura ta kashe uwarta a bayan rugarsu. Ja ce, mai farin ƙirji. A cikin burgami na kawo ta gida, kanta kaɗai a waje.

Mai ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗora sharaɗi: ba za ta shiga ɗaki ba, ba za ta kusanci buta ko buzun salla ba, kuma kaskonta daban. Na yarda, na ƙara nawa. Abinci sau biyu, bayan asuba da bayan la'asar, ƙanzo da ragowar miya, wani lokaci ƙashi in an yi yanka. Makwanci a bayan rumbu. Cire kaska kowace Juma'a da safe kafin in yi wankan masallaci. Ban sa mata suna ba. "Ke" nake ce mata, ita ma ta san da ita nake. In ina cire mata kaska sai ta ɗora haɓarta a kan ƙafata ta lumshe ido, ni kuma in bar ƙafar a nan har in gama, ko da ta yi tsami. Ban saba wasa da dabba ba, ban kuma fara a kanta ba. Amma in na fita rangadi babu ita, daji yakan yi mini faɗi.

Horon ya samo asali daga abu biyu. Na farko, Baturen daji ya zo rangadi da wani karensa mai dogon kunne. Na ga ya nuna masa ƙasa a bakin tanti, karen ya kwanta, muka yi tafiyar awa biyu muna duba iyaka, muka dawo muka tarar da shi yadda muka bar shi. Abin ya shiga raina. Ban tambayi yadda aka koya masa ba, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya tambayar Bature irin wannan. Ƙarshen aikin na gani, ban ga hanyarsa ba.

Na biyu, wata rana na bar ta da kayanmu a daji, wani makiyayi ya wuce yana fito, ta bi shi. Kafin mu dawo birai sun cinye mana guzuri, sun yage shafi uku daga littafin aiki. Sai da na sake rubuta su daga ka. Daga ranar na ƙudurta ba za a sake ba, na tsara horon da kaina, irin yadda aka hore mu a makaranta.

Mataki na ɗaya, in na ajiye kaya na ce "kwanta", ta kwanta. Wannan mako guda ya ɗauka. Mataki na biyu, in tafi in bar ta, kada ta biyo ni. Mataki na uku, in sa wani ya kira ta, ko ya yi mata fito, ko ya nuna mata nama daga nesa; in ta tashi, tsumagiya. Mataki na huɗu shi ne wanda ya jawo wannan rubutu. Na yi tunanin wani zai iya kwaikwayon muryata, ko ta ji ina magana daga nesa ta ɗauka kira ne. Saboda haka sai in ɓuya a bayan danga in kira ta da kaina, da muryar da nake kiranta cin abinci. In ta taso da gudu tana kaɗa wutsiya, in tare ta da tsumagiya, in mayar da ita kan kayan. Hanyar sallama ɗaya tak na bar mata: in zo da ƙafata, in ɗora hannu a wuyanta, in ce "tashi".

Mai ɗakina tana tankaɗe a tsakar gida ranar da na fara wannan mataki. Ta dakata ta ce, "Malam, kai ka kira ta, ta zo, kai kuma ka dake ta. Wanne za ta ɗauka?"

Na ce, "Wanda na koya mata."

Ta ce, "To, Allah ya kyauta," ta ci gaba da tankaɗenta.

Wata biyu aka yi kafin ta daina tasowa. Ranar da na kira ta sau goma daga bayan danga ba ta motsa ba, na ba ta hanta guda. Na ji daɗi ƙwarai, har na nuna wa helma. Shi Bagwari ne daga wajen Kusasu, ya girme ni da kusan shekara ashirin, ya san dajin nan kafin a shata masa iyaka, kuma bakinsa ba ya raga wa kowa.

Ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce, "Malam, wannan karya ce ko soja?"

Na ce, "Ta fi leburorinka jin magana."

"Leburorina in na kira su suna zuwa."

"In ka kira su ga tuwo ba."

"To ai ita ko ga tuwo ka kira ta ba ta zuwa. Ka ajiye dutse a kan kayan mana, shi ba ya cin ƙanzo."

Leburori suka yi dariya. Na ce kowa ya kama aikinsa.

Saura yadda muke ƙuna. A ƙarshen kaka, kafin ciyawa ta gama bushewa, mukan sa wa gandu wuta da kanmu, yanki yanki. Wutar wannan lokaci ba ta da zafi sosai, takan ci ciyawa ta bar itatuwa. In aka bari sai rani ya yi nisa, mafarauta ko masu cin zuma su sa tasu, ita ce mai kashe doka da maje har saiwa. Kafin a kunna, mukan share layi mai faɗin taku shida a iyakar yankin, a tsayar da mutane da ɗanyun rassa su kashe duk tartsatsin da ya ƙetare. A wannan rana kwazazzabon ne iyakarmu, muka share layin a bakinsa na gabas. Ya miƙe daga kudu zuwa arewa, zurfinsa ya fi tsawon mutum uku, bangonsa a tsaye, faɗinsa bai wuce jifa ɗaya ba. Mashigi ɗaya na sani, can kudu, ta nan muka ƙetaro da safe. Gefen gabas sai mako mai zuwa, a tsarin da na rubuta. Shi ya sa na zaɓe shi wurin ajiye kaya: gorunan ruwa, guzuri, da jakata mai littafin aiki. Gambar da ke wajen ta fi ni tsawo, kuma ta fi ta yamma bushewa, domin tudu ne. Na ga haka da safe, na ce a raina layin da muka share ya isa.

Yanzu na dawo ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin.

Wata 'yar guguwa ce ta taso a cikin toka, ta ɗebi ciyawa mai ci, ta yi sama da ita. Muna kallo ta ƙetare kwazazzabon, ta ƙetare layin, ta zubar da ita cikin gamba, daidai bakin mashigin kudu. Helma da mutanensa suka ruga suna duka. Da farko na zaci za su ci ƙarfinta. Sai iska, wadda tun safe take kaɗawa yamma, ta juya ta nufi arewa. Wutar ta miƙe tsaye, ta yi wata ƙara kamar ana yayyaga sabon ƙyalle. Na ji helma yana ihu, "Ku bar ta! Ku bar ta! Arewa!"

Suka juyo da gudu ta kan layin da aka share. Ni ma na bi bakin kwazazzabon ta nawa gefen, na zo daidai kaɗanyar. Ina ganin karyar sarai. Tana kwance, ƙafafunta na gaba a miƙe, jakata a tsakaninsu. Ta ɗaga hanci tana shaƙar iska, kunnuwanta a kwance.

Leburorin biyu suka wuce ta ba su tsaya ba, ban kuma ga laifinsu ba. Helma ya tsaya. Na ji yana ce mata, "Taso, 'yar nan, taso mu tafi!" Ba ta kalle shi ba. Ya sunkuya zai ɗauki jakar, yana tunanin in kayan suka tafi za ta bi. Ta yi gurnani ta bayyana haƙora. Ya sake miƙa hannu zai kama ta a wuya, ta cafki bakin rigarsa ta yage. Ya ja da baya, ya juyo wajena, ya buɗe hannuwa.

"Malam! Sojanka ya ƙi! Kira ta!"

Na ce, "Tafi, Helma! Bi mutanenka!"

"Kira ta mana!"

Ya tafi yana waiwaye. Na cika ƙirjina da iska na kira ta.

"Ke! Zo!"

Ta juyo da kai. Ta gan ni. Wutsiyarta ta bugi ƙasa sau biyu. Ta ɗan ɗaga ƙirji kamar za ta miƙe, sai ta koma, ta ɗora haɓa a kan jakar, idonta a kaina.

Na sake kira. Na yi fito. Na kira ta da muryar abinci, na buga cinya, na durƙusa na miƙa hannu biyu, abin da ban taɓa yi wa dabba ba. Na ce "tashi" har muryata ta dushe. Duk kiran da na yi sai wutsiyar ta bugi ƙasa, amma jikin bai motsa ba. A nan na gane abin da take gani. Ga maigidanta can nesa, ya raɓe a bayan wani abu yana kira, kamar yadda ya saba. Ta san ƙarshen wannan kira, ta sha shi wata biyu. Tana nuna mini ta iya karatunta.

Na duba agogo. Ban san dalili ba, hannu ne ya saba. Minti ashirin da shida. Wutar ta ci kusan rabin tazarar da ke tsakanin mashigi da kaɗanya. Shirwa sun cika sama suna cafkar fara. Wata gada ta fito daga cikin gamba ta wuce ta gaban karyar, kusa har ta iya taɓa ta, ita kuwa ko kai ba ta juya ba. Wannan ma ni na koya mata.

Na leƙa kwazazzabon ina neman wurin sauka. Sauka mai yiwuwa ce, mutum ya zame kawai. Hawa ɗaya gefen ne babu, jar ƙasa ce a tsaye mai marmashewa. Ɗaya daga cikin leburorin ya riƙe mini riga ya ce, "Malam, kare ne fa." Na ce ya cika ni.

Baffa ya iso yana haki, sandarsa a kafaɗa. Bai tambayi komai ba, ya ga abin da ake ciki. Ya ce, "Kaɗo, ba nan ba. Biyo ni. Akwai inda shanu suke sauka shan ruwa."

Na ce, "Nesa?"

"In ka tsaya tambaya, nesa ne."

Muka yi arewa da gudu. Tsoho ne, amma ban iya wuce shi ba. Kowane taku yana nisanta ni da ita, wannan ya fi komai yi mini wuya. Ina jin ta fara haushi a bayana, wani siririn haushi da ban san ta da shi ba. Na ƙirga taku ɗari biyu da wani abu kafin ya tsaya ya nuna mini wata 'yar hanya da kofato ya sassaƙa a jikin bango, duhuwar geza ta rufe bakinta. Shekara huɗu ina aiki a wannan yanki ban san da ita ba.

A ƙasa akwai ragowar ruwa a wani gurbi, duk kashin shanu. Baffa ya ce, "Kwanta a ciki." Na tsaya cire agogo. Ya daka mini tsawa, "Kwanta, Malam!" Na kwanta na birgima, na jiƙa rawanina na naɗe fuska. Ya ce in na ɗauko ta kada in dawo ta hanyar nan, ba lokaci; in faɗo kwazazzabon daga inda nake, shi zai bi ta ƙasa ya tare mu.

Na hau ɗaya gefen da hannu da gwiwa. A saman na ci karo da helma, bai yi nisa ba ashe, ya tsaya yana jira. Ya miƙo mini ɗanyen reshensa ya ce, "Bi layi, kada ka shiga gamba. In ka ga kaɗanyar ta kama, ka juyo. Ka ji ni? Kana da iyali."

Na ce na ji.

Na bi layin da muka share, na nufi kudu, wato na nufi wutar. Hayaƙi ya rufe komai, ban ganin abin da ya wuce taku biyar. Ɓeraye da ƙadangaru suna bi ta kan ƙafata. Zafin ya fara busar da rigar tun ban yi rabin hanya ba. Haushin ya tsaya, na ce a raina shi ke nan. Sai na ji shi kuma, gajere, a hannun hagu. Kaɗanyar tana taku kamar ashirin daga layin, a cikin ciyawa. Da safe na sa an tattake wurin don mu sami na zama, wannan ɗan fili ne ya jinkirta wutar. Lokacin da na shiga, gambar kudu da fili duk ta kama, busassun ganyen kaɗanyar suna zubowa da wuta a jikinsu.

Tana nan. Ta matsa ta hau kan jakar gaba ɗaya, ta dunƙule, jikinta yana rawa kamar mai zazzaɓi. Gashin wutsiyarta da na cinyarta yana hayaƙi. Ɗaya daga cikin gorunan ya fashe don zafi. Da ta gan ni ta sunkuyar da kai ƙasa, ta rufe ido, yadda take yi in ta ga tsumagiya. Reshen da ke hannuna ta gani. Na yar da shi.

Na ɗora hannu a wuyanta na ce, "Tashi."

Ta miƙe nan take, sai ƙafafun baya suka ƙi ɗaukarta, ta faɗi. Na kashe wutar cinyarta da tafin hannuna na hagu, na sungume ta. Ta juya kai tana neman jakar. Na ce, "Bar ta." Ban tsaya ɗaukar komai ba. Wani reshe ya faɗo a kafaɗata, na ji ƙaurin gemuna. Na yi yamma a makance, na tsallake layin, ƙasa ta ƙare a ƙarƙashin ƙafata, muka gangara tare da marmashin jar ƙasa har gindin kwazazzabon.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kwance ba. Wutar ta wuce ta samanmu da ƙara, toka tana zubo mana. Karyar tana kan ƙirjina, ina jin zuciyarta tana bugawa da sauri. Sai ga Baffa ya sunkuyo a kaina yana cewa, "Kaɗo, kana da rai?" Na ce ina da shi. Ya ce, "To saki karyar, za ka shaƙe ta." Da na laluba agogo, gilashinsa ya tsage, ruwa ya shiga, ya tsaya. Saboda haka ba zan iya faɗin ƙarfe nawa muka fito ba.

Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ƙone sai ni da ita. Wutar ta ci gefen gabas har zuwa wani fako, ta mutu da kanta wajen la'asar. Kayanmu duka sun tafi, har littafin aiki. A rahoton da na rubuta na faɗi gaskiya: na ga gambar gabas ta bushe, ban faɗaɗa layi ba. An ja mini kunne a rubuce, na karɓa, domin daidai ne.

Helma ne ya saƙa ɗan gado da rassa, leburori suka ɗauko ta har gida suna karɓa-karɓa. Wanda ya ce mini "kare ne fa" shi ya fi kowa daɗewa da ita a ka. Muka yi ta tafiya har muka hango gari. Sa'an nan helma ya ce, "Malam, rigata fa sojanka ya yaga." Na ce mai ɗakina za ta ɗinke. Ya ce, "A bar ta haka. In jikokina suka ƙi jin magana zan nuna musu, in suka cika jin magana ma zan nuna musu."

Tafin ƙafafunta huɗu sun saluɓe, cinyar dama da wutsiya babu gashi. Hannuna na hagu ya kumbura, ban iya riƙe komai da shi ba. Mai ɗakina ta fito ta dube mu. Ba ta tuna mini maganar da ta yi ba, har yau kuma ba ta tuna mini ba. Ta shiga ta ɗauko man kaɗanya da zuma da tsohon zane, ta yayyaga shi. Ta fara da hannuna. Da ta gama ta durƙusa a gaban karyar, wadda ba ta taɓa taɓawa ba tun zuwanta gidan, ta ɗaga ƙafarta ta gaba ta shiga shafawa. Ta ce, "Riƙe mata kai, Malam, kada ta lashe ni, ban da ƙarfin wanki bakwai yau." Safe da yamma haka muka yi, kwana arba'in da ɗaya. Ta yarda aka matso da makwancinta inuwar zaure, iyakar sassaucin da aka yi ke nan. Baffa yana aiko da madara a ƙwarya duk ranar kasuwa.

Ta warke, sai ɗingishi a ƙafar baya, da tabon da gashi bai sake rufewa ba. Da ta fara takawa sosai na ɗauki aikin warware abin da na ƙulla. Na ƙone tsumagiyar a murhu. Nakan ce ta kwanta, in ja baya taku uku, in riƙe nama a fili, in kira ta. Sai ta kalli naman, ta kalle ni, jikinta ya ɗauki rawa, ta kwantar da kai. Na rage zuwa taku biyu. Na rage zuwa ɗaya. Na sa mai ɗakina ta riƙa kira, na sa helma. Wata shida ina yi, kowace rana bayan la'asar. Abin da na samu shi ne, in tana yawonta na kira ta, takan zo da gudu. Amma in na riga na ce "kwanta", babu kiran da zai tashe ta sai hannuna ya sauka a wuyanta. Wata biyu na yi ina shuka abin, shekara bakwai da ta ƙara a duniya ban iya tumɓuke shi ba.

Da na ga haka sai na daina faɗin kalmar. Na hana kowa faɗinta a gabanta. In mun je daji kayanmu a rataye a reshe, ita kuma tana bayana duk inda na sa ƙafa. Birai sun sake cin guzurinmu sau biyu, na haƙura. Duk da haka, wani lokaci in na ajiye jaka a ƙasa don in ɗaura takalmi, sai in juyo in tarar ta kwanta a gefenta da kanta, tana jira. Dole in sunkuya in taɓa ta in sallame ta. Ranar da ta mutu, ta tsufa ƙwarai, a gindin rumbu na same ta da safe kusa da tsohon burgamina. Na ɗora hannu a wuyanta kafin in ɗauke ta.

Na riƙe karnuka uku bayanta. Dukansu na fara musu da "zo", ban koya musu "kwanta" ba sai da na tabbata kira yana tashe su daga kan nama, daga kan kaya, daga ko'ina. Ba wanda ya kai ta tsaron kaya a cikinsu, kuma ban nemi su kai ba.

Kai mai karatu, in kana da kare, ko kana shirin ɗauko kwikwiyo, ga abin da nake roƙonka. Ka fara koya masa zuwa kafin ka koya masa zama. Ka bar wani mutum ɗaya a gidanka wanda shi ma zai iya sallamarsa. Kuma duk abin da ya yi maka, in ka kira shi ya zo, kada ka dake shi a kan wannan zuwan.